Yadda Ake Kama Ɓera da Ransa da Kayan Cikin Gida

Daga ƙarshen Oktoba, idan ruwa ya ɗauke, aka shigo da masara da dawa gida, aka fara cinna wa ciyawa wuta a gefen gari, ɓeraye sukan baro daji su nufo inda abinci yake. Lokacin ne uwargida a Rigasa ko Hayin Banki ko Barnawa, nan cikin Kaduna, za ta wayi gari ta tarar an huda buhun shinkafa, an gaigaye sabulu, ga kashi kamar baƙar shinkafa a bayan kabad. Abu biyu aka fi garzayawa a saya: shinkafar ɓera da kwalin gam. Duka biyun suna da illar da mai sayarwa ba ya faɗa. Guba tana iya faɗawa bakin yaro mai rarrafe, ko kaza, ko kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci ta, sannan ɓeran yakan je ya mutu cikin silin ya cika ɗaki da ɗoyi. Gam kuwa azaba ce tsagwaronta. Dabbar takan kwana tana fizge-fizge, fatarta na saɓulewa, tana sakin fitsari da kashi a kan kwalin da wani zai ɗauka da hannu da safe.

Gaskiya ne addini bai hana kashe ɓera ba, yana ma cikin halittun da hadisi ya ba da izinin kashewa saboda ɓarnarsu. Abin da aka hana shi ne azabtarwa, kamar ƙonawa da wuta ko tsare dabba har yunwa da ƙishi su kashe ta. Wanda zuciyarsa ba ta son kisan gaba ɗaya yana da hanya, kuma kayan aikin suna nan a tsakar gidansa. Sai dai a sani tun farko, kamun shi ne ɓangare mai sauƙi. Tarkon da ba ya kisa, idan aka ɗana shi aka manta da shi kwana biyu, ya fi tarkon ƙarfe mugunta.

A fara sanin da wa ake yi

Ƙaramin ɓeran gida, wanda wasu ke kira kusu, nauyinsa bai cika wuce giram 20 ba. Kashinsa kamar ƙwayar shinkafa yake, mai tsini a bakin biyu. Yana iya kutsawa ta kafar da fensir zai shiga, wato kimanin milimita 6, kuma yana tsalle sama kamar ƙafa ɗaya. A riƙe waɗannan lambobi biyu, domin duk ma'aunin tarkunan da ke ƙasa daga gare su ya fito. Macen tana ɗaukar ciki na kwana 19 zuwa 21, ta haifi biyar ko shida ko fiye, 'ya'yan kuma su isa haihuwa cikin mako shida. Saboda haka wanda ya ga ɗaya ya gilma da rana ya ɗana tarko uku ko huɗu, kada ya tsaya a ɗaya.

Babban ɓera, mai gudu cikin silin ko mai fitowa daga kwata, kashinsa ya kai ƙwallon dabino ƙarami, kuma bokitin fenti ba ya riƙe shi. Gafiya ta fi su duka, roba kuwa ba komai ba ce a haƙoranta. Akwai kuma jaɓa, mai dogon baki da wari, wadda ake yawan haɗa ta da ɓera alhali ƙwari take ci, kyankyasai da gyare da makamantansu, ba ruwanta da buhun hatsi. Jikinta ba ya jure yunwa ko ta 'yan sa'o'i, don haka idan ta faɗa tarko a sake ta nan take a bayan gida.

Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki sai dole. Jikin bango yake bi, gashin bakinsa na shafar bangon, kuma ƙaramin ba ya nisa da sheƙarsa, yawanci cikin mita uku zuwa goma yake kai-kawo. Don gano hanyarsa, a barbaɗa toka ko garin masara siriri a gindin bango da dare, a bayan firji, ƙarƙashin kanta, bakin ƙofar sito. Da safe sawunsa da layin jelarsa za su nuna inda ya fito da inda ya nufa. Nan za a ajiye tarko, a manne da bango. Tarko mai kyau a wurin da ba hanya ba zai yi mako bai kama komai ba.

Zancen Lassa, kafin a taɓa komai

A 1969 aka fara gano wannan zazzaɓi a garin Lassa da ke jihar Borno, kuma babban mai ɗauke da ƙwayar cutar wani ɓeran daji ne mai nonuwa da yawa, wanda ke shigowa gidaje, musamman da rani. Ta fitsarinsa da kashinsa cutar ke shiga abinci ko hannu ko ƙurar da mutum ya shaƙa. Kaduna ba ta tsira ba. A Fabrairun 2024 cutar ta kashe ma'aikatan lafiya a wani asibiti a cikin garin nan. Mutumin da ba gwani ba ba zai iya bambance wannan ɓera da na gida da ido ba, saboda haka a ɗauki kowane ɓera a matsayin mai ɗauke da ita.

Dokokin ba su da yawa. Ba a taɓa ɓera ko tarkon da ya kwana a ciki da hannu tsirara. A sa safar hannu ta roba mai kauri, in babu a zura hannu cikin leda biyu marasa huji. A rufe hanci da baki da takunkumi. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki ko kusa, domin Lassa ta fi tsanani ga mai tsohon ciki da abin da ke cikinta. Yara su tsaya nesa, ko da kuwa su ne suka taya haɗa tarkon. Idan kuma an tabbatar da cutar a unguwarku, a jingine zancen kamawa da saki, a bi umarnin jami'an lafiya. Lambar waya ta kyauta ta NCDC, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ita ce 6232.

Abincin tarko

Ƙuli-ƙuli ya fi komai. A daka guda biyu su yi laushi, a ɗiga man gyaɗa kaɗan-kaɗan ana cuɗawa har ya zama kamar tunkuza mai danƙo. Amfanin danƙon shi ne ɓera ba zai iya fizga ya gudu da shi ba, dole ya tsaya ya lasa. Daddawa ma tana jan sa daga nesa, da ma an ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kan busasshen kifi da dabino suna aiki, amma suna gayyato kiyashi da cinnaka, waɗanda za su far wa ɓeran da ba shi da wurin gudu. Kamar ƙwayar wake ɗaya ko biyu ya isa. Idan aka cika, zai ci daga gefe ya ƙoshi bai kai inda ake so ya kai ba.

A daren da za a ɗana, a kwashe duk wani abinci da zai yi gasa da na tarko. A wanke kwanukan dare, a rufe tukunyar tuwo a ɗora mata dutse, a ɗauke dusar awaki da abincin kaji.

Tarkon bokiti da gwangwani mai juyawa

Wannan ne ya fi dacewa da sito da ɗakin girki, don yana iya kama uku ko huɗu a dare ɗaya ba tare da an sake ɗana shi ba. Ana buƙatar bokitin fenti na lita 20 da murfinsa, gwangwanin lemo ko na madara wanda babu komai ciki, waya mai kauri miƙaƙƙiya mai tsawon inci 16 (hangar rataye kaya ta ƙarfe idan aka warware ta ta isa), ƙusa inci uku, katako siriri mai tsawon ƙafa biyu da rabi zuwa uku, da garin katako ko yagaggiyar takarda. Masu fenti sukan sayar da tsofaffin bokitai, waya da guntun katako kuma ba sa wuya a kasuwar Panteka ko wajen kowane kafinta.

A fara da cikin bokitin. A kankare busasshen fentin da ya manne har ciki ya yi sumul, domin ɓurɓushin fenti tsani ne ga farcen ɓera. A cire mariƙin bokitin ko a kwantar da shi ta waje. A ɗora ƙusa a wuta, a riƙe ta da filaya, a huda bokitin a wuri biyu masu fuskantar juna, inci ɗaya ƙasa da baki. A huda gwangwanin a tsakiyar gindi da tsakiyar sama. Tsakiya sosai ake nufi. Idan hujin ya karkace, gefe ɗaya zai yi nauyi, gwangwanin ya riƙa tsayawa wuri guda. Hujin ya ɗan fi wayar faɗi. A zura wayar ta hujin bokiti na farko, ta ratsa gwangwanin, ta fita ta na biyu, a lanƙwasa bakinta biyu ta waje. A taɓa gwangwanin da ɗan yatsa: ya kamata ya juya sau biyu ko uku da kansa. In ya cije, a faɗaɗa hujin ko a miƙar da wayar.

Gwangwanin ya zauna a tsakiyar wayar. Don kada ya zame gefe, a naɗa ƙyauro ko zare mai kauri a kan wayar ta kowane ɓangare, a bar ɗan sarari yadda ba zai matse shi ba. A shafa ƙuli-ƙulin a tsakiyar gwangwanin, a zagaye shi kamar ɗamara, siriri kuma daidai-wa-daida. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a manna dunƙule ɗaya a gefe guda. Nauyinsa sai ya juyar da shi ƙasa, inda ɓera ba zai gan shi ba, gwangwanin kuma ya daina juyawa da sauƙi.

A jingina katakon daga ƙasa zuwa bakin bokiti, daidai inda wayar ta shiga, gindinsa yana bin jikin bango. Idan katakon mai santsi ne a yi masa tsaga-tsaga da wuƙa ko a naɗe shi da tsumma. A buga ƙaramar ƙusa a ƙarƙashin kansa ta maƙale bakin bokitin don kada ya zame. A ɗan dangwala ƙuli-ƙuli wuri biyu a kan katakon, kaɗan ƙwarai, na nuna hanya kawai. Ɓera zai hau, ya bi waya ko ya yi tsalle kan gwangwani, gwangwanin ya juya da shi, ya faɗa ciki.

Ba a zuba ruwa a ciki, domin da ruwa tarkon ya zama na nutsarwa. Ba a kuma zuba mai, ko da wani ya ce yana hana hawa. Mai yana jiƙe gashin ɓera, sanyi ya kama shi, ya kuma lashe shi ya yi masa illa. A shimfiɗa garin katako wanda bai kai inci ɗaya ba. Dalilin wannan awo: zurfin bokitin lita 20 inci 14 ne zuwa 15, ɓera kuma yana tsallen inci 12, ratar da ke tsakani ba ta da yawa. Duk abin da aka ƙara a ƙasa, ko gwangwanin ruwa ko dunƙulen tsumma, dandamalin tsalle ne. Maimakon ruwan sha a jefa siririn yankan kokwamba ko dankalin Hausa ɗanye, da 'yan ƙwayoyin gero. Da hunturu a ƙara yagaggiyar takarda ya samu abin ɓuya, domin ƙaramar dabba a kan roba tsirara cikin sanyin Disamba tana iya mutuwa kafin asuba.

Idan da safe an tarar an lashe abincin babu kowa a ciki, ɗaya cikin uku ne: gwangwanin ba ya juyawa, ko ya matso kusa da baki har ɓera na miƙa wuya daga kan katako, ko kuma babban ɓera ne ya faɗa ya yi tsalle ya fice. Kashin da ya bari a ƙasan bokitin zai faɗa maka wanne ne.

Akwai ƙanin wannan tarko ga ɓeran da ke hawa tebur ko kanta. A samu bututun kwali irin na cikin takardar bayan gida, a danne gefe ɗaya ya yi faɗi yadda zai zauna bai mirgina ba, a manna abinci a bakinsa ɗaya ta ciki. A ɗora shi a gefen tebur, ɓangaren abincin ya leƙo waje kusan rabi, bokiti na ƙasa daidai saitinsa. Yana shiga ya wuce tsakiya, bututun zai rinjaya da shi. Ɗaya yake kamawa a dare, kuma iskar fanka tana iya kayar da shi.

Robar ruwa mai lilo

Wannan ya fi wuyar saiti, amma ya fi tsafta, don ɓeran yana cikin roba tun daga kamu har saki, ana ma iya rufe ta da murfinta. Ana buƙatar robar ruwa ko ta lemo ta lita ɗaya da rabi, katakon gindi mai tsawon inci 18 da faɗin inci 5 ko 6, waya mai kauri, da guntun katako mai tsayin kimanin inci 3 wanda zai zama ƙofa.

A cire murfin a ajiye shi. A ɗora robar a kwance a kan ɗan yatsa a nemo inda take daidaita, a yi alama. Daga alamar a matsa kamar rabin santimita zuwa wajen baki, a huda gefe da gefe da ƙusa mai zafi. Wannan ɗan matsawar ita ce sirrin tarkon: tana sa gindin robar ya ɗan fi nauyi, ya kwanta ƙasa, baki ya ɗaga sama. A zura waya ta hujin biyu, a lanƙwaso bakinta biyu ƙasa kamar ƙafafu, a kafe su a katakon gindi da ƙananan ƙusoshi. Tsayin ƙafafun ya zama idan robar ta miƙe sambal akwai sararin yatsa ɗaya, kamar santimita biyu, tsakaninta da katakon.

Sai ƙofa. A kafa guntun katakon a gaban bakin robar, yadda idan bakin na sama, leɓensa na ƙasa zai yi daidai da saman katakon, hanya a buɗe. Idan aka danna bakin ƙasa kuwa, ya fuskanci jikin katakon, ratar da ke tsakaninsu kada ta wuce milimita 3 ko 4, kuma kada su gogi juna. A sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin wuyan robar ya tare ta da zarar bakin ya gama ɓoyewa. In ta wuce nan, ratar tana ƙara buɗewa. A jefa abincin can gindi. Ɓera zai hau ƙofar, ya shiga, ya gangara ya ci. Duk lokacin da ya juyo zai fita, nauyinsa zai sauke bakin robar ya haɗa shi da katako.

A gwada kafin dare da ƙaramin batirin rimot, wanda nauyinsa ya yi kusa da na ɗan matashin ɓera. A tura shi ciki zuwa wuyan robar. In bakin bai sauka ba, gindin ya yi nauyi da yawa, a rage abincin ko a sake huji kusa da alamar farko. A huda ƙananan ramuka takwas zuwa goma a saman robar don iska, da siririyar ƙusa. Kada ramin ya yi faɗi, don nan haƙori ke samun wurin kamawa. Wannan tarko ba na waje ba ne: a zafin Maris da Afrilu, roba a rana tanderu ce.

Kife kwano

Tsohuwar dabara ce, kuma tana aiki idan babu lokacin haɗa wani abu. A samu roba mai zurfi wadda ake ganin ciki, a huda mata ramukan iska, a manna abinci a jikinta ta ciki, can sama a ɓangaren da ke nesa da gefen da za a tokare. A kife ta a kan falange ko faranti mai faɗi, a tokare gefe ɗaya da murfin kwalbar lemo a tsaye a kan gefensa. A ɗora ɗan dutse a saman robar. Idan ɓera ya miƙe tsaye yana lasa, robar za ta motsa, murfin ya zame, ta rufe shi. Aibinta shi ne bakin kwanon na iya faɗa wa jela ko ƙafa, shi ya sa ba a amfani da tasa mai nauyi ko tukunyar ƙarfe, kuma shi ya sa abincin ke can ciki. Falangen da ke ƙasa shi ne zai ba da damar ɗaukar komai gaba ɗaya ba tare da an ɗaga kwanon ba.

Babban ɓera da gafiya

A yi tarkon gwangwani a kan duro mai zurfin ƙafa uku, ko a sa maƙeran Panteka su haɗa keji na ragar ƙarfe mai ƙofar da ke faɗowa. Babban ɓera yana tsoron sabon abu, saɓanin ƙaramin da ke leƙa komai. A ɗaure ƙofar kejin a buɗe, a riƙa sa abinci dare uku ko huɗu yana ci lafiya, sannan a ɗana.

Da asuba

A ɗana bayan sallar isha'i, a duba da asuba, kafin a fita ko bayan an dawo masallaci. Kada ɓera ya wuce sa'a takwas zuwa goma a tsare. Ranar da za a yi tafiya, a kwance tarkon, a kife bokitin. A hana kyanwa shiga ɗakin da tarko yake.

Idan an samu kamu, a sa safa da takunkumi tukuna. A zare wayar da gwangwanin a hankali, a rufe bokitin da murfinsa wanda aka riga aka huda wa ƙananan ramuka. In roba ce, a karkata ta ɓeran ya gangara gindi, a ɗaura murfi, a zare ta daga wayar. A zura tarkon cikin tsohon buhu. Duhu yana kwantar masa da hankali, buhun kuma yana tare abin da zai zubo. Kada a girgiza, kada a bar yara su yi ta bugun bokitin, kada a kai fuska bakinsa don leƙe. A ɗaure shi a bayan keke ko babur. Ba a rungume shi a cinya cikin Keke Napep tsakanin fasinjoji.

Inda za a sake shi

Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Wanda ya juye bokiti a bolar bayan layi ya kai wa maƙwabcinsa ne, ko kuma ya tarar da baƙonsa ya riga shi dawowa. A yi nisan kilomita biyu ko fiye, inda babu gidaje, babu rumbu, babu gonar da ba a girbe ba, zai fi kyau idan akwai rafi ko babban titi tsakaninsa da gida. Mazauna gefen gari, kamar Rigachikun ko Mando ko bayan Millennium City, ba za su sha wuya ba. Na tsakiyar Tudun Wada ko Unguwar Sarki sai sun yi tafiya, don haka su shirya wannan tun kafin su ɗana. A zaɓi wurin da aka sani, kusa da hanyar da mutane ke bi, kuma gari ya waye; ba a shiga daji saboda ɓera.

A nemi gindin kurmi, tarin duwatsu ko ciyawa mai duhu wadda ba a ƙone ba. A fili tsirara shirwa za ta ɗauke shi kafin ka juya. A kwantar da bokitin a ƙasa, bakinsa na kallon ciyawar, ka tsaya ta baya, iska na kaɗawa daga gare ka zuwa gaba, ka janye murfin ka ja da baya. Wani zai fita kamar kibiya, wani sai ya yi minti biyu yana sansana. A bar masa ɗan gero a wurin. Ɓeran da ya tashi a ɗakin girki bai san daji ba, kuma ba kowanne ne zai rayu ba. Mafaka da ɗan abincin kwana ɗaya su ne abin da za a iya yi masa.

Idan an lura macen da aka kama nonuwanta sun fito, akwai jarirai a gida. A duba bayan kabad, cikin tsofaffin kwalaye, ƙarƙashin buhuna, inda aka tara yagaggun tsummoki da takarda. In an same su a ranar, a kwashe sheƙar gaba ɗaya da shebur cikin ƙaramin kwali, a kai su tare da uwar, a ajiye kwalin a cikin ciyawar.

Wanki

A haɗa kofi ɗaya na bilic, irin su Hypo ko Jik, da kofi tara na ruwa, sabon haɗi kowace rana, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanki. A jiƙa bokitin da wayar da safar, a bar su minti biyar, a ɗauraye, a shanya a rana. Garin katakon a jiƙa shi da ruwan bilic a binne. Robar lilo gara a jiƙa ta a yar, a sa sabuwa. Kashin ɓera da ke ɗaki ba a share shi a bushe da tsintsiya, don ƙurar ce ake gudu. A buɗe taga, a yayyafa ruwan bilic, a jira minti biyar, a kwashe da takarda a ƙulle a leda. Abincin da ɓera ya yi fitsari ko kashi a ciki a zubar. Daga ƙarshe a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

Wanda ɓera ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Wanda kuma ya yi zazzaɓi cikin kwana 21 bayan wannan aiki, musamman wanda bai ji maganin maleriya ba, ya gaya wa likita a fili cewa ya yi hulɗa da ɓera.

Toshe hanya

Muddin ƙofar da suka shigo tana nan, wasu za su maye gurbin waɗanda aka kai daji. A ɗauki fensir da tocila a zagaye gidan: duk kafar da fensir ya shiga, a toshe. A duba inda bututun ruwa ya ratsa bango, bakin rariya, kusurwar silin, inda wayar lantarki ta shigo, da ƙasan ƙofa. Ƙaramar kafa a cusa mata soson ƙarfe na wanke tukunya a matse sosai, a shafe da siminti, awo ɗaya na siminti da uku na yashi. Tsumma da leda da katifa ba sa tare ɓera, kayan sheƙa ma suke zama masa. Ƙasan ƙofar katako a buga masa sililin kwanon rufi yadda ratar ba za ta kai milimita 6 ba. Bakin rariya da tagar sito a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Ragar sauro ta roba dare ɗaya za ta yi.

Hatsi ya koma duro mai murfi ko bokiti mai rufi. Buhunan da suka yi yawa a ɗora su kan katako, ƙafa ɗaya daga ƙasa, ƙafa ɗaya daga bango, yadda tsintsiya da ido za su zagaya. A daina shanya gari ko masara a ƙasa a bar su su kwana. A sare reshen mangwaro ko darbejiya da ke taɓa rufi, don nan ne gadar ɓeran silin.

Babbar kafar da toka ta nuna ita ce hanyarsu a bar ta a buɗe har sai kamu ya tsaya, don kada a rufe wani a cikin bango ya mutu a can. A cusa mata dunƙulen takarda sako-sako da dare. Idan an yi dare uku a jere takardar ba ta motsa ba, tokar gindin bango babu sawu, abincin tarko kuma ba a taɓa shi ba, sai a kwaɓa siminti a rufe ta.